Tsinken Tsire Uku a Cikin Fanel

Shekara ashirin da bakwai ina cin tuwo da wayar lantarki a garin Keffi. Wuta ta ja ni sau ba adadi, har matata takan ce in na yi atishawa ƙwan fitilar ɗakinmu ƙara haske yake yi. Na faɗi haka ne don a san ni ba baƙon wauta ba ne. Na ga mai feɗe waya da haƙori alhali da wuta a jikinta. Na ga mai gwada wuta da bayan yatsa yana bisimilla. Na ga wanda fis ya ƙone masa ya cusa ƙusa a gurbinsa, ya koma ya kishingiɗa yana sakace. Duk na yafe musu, don su jahilcinsu ba ya sa turare. Mutum ɗaya ne ban yafe wa ba har gobe, shi kuwa da farar hular kwano yake yawo.

Abin ya faru ne a masana'antar garin kwaki ta wani dattijo da kowa ke kira Darakta. Ya gama aikin gwamnati a Abuja, ya dawo gida ya gina wurin a kan hanyar Agwada, inda rogo ke girma har sai ka rantse da gayya yake yi. Mutumin kirki ne, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalma ta zube. Ya sayo injuna uku, na gurza rogo, na matse shi, da na suya. Ya kuma sayo fanel, wato akwatin ƙarfe mai tsayin mutum wanda daga cikinsa ake raba wa injunan wuta, ake tayar da su, ake tsayar da su. Ni aka kira in haɗa.

Kwana tara na yi a kan fanel ɗin nan, kuma ba yabon kai ba, da ana kai fanel gasar kyau da ya dawo da kofi. Kowace waya na sa mata lamba a kai da gindi, ta yadda ko makaho ya laluba zai san daga ina ta fito, ina ta nufa. Waya mai kauri ga injin mai cin wuta, ban yi rowa ba. Kowane noti na ɗaure shi, na bar shi ya kwana, na dawo na sake ɗaurewa, don sakakkiyar waya ita ce uwar gobara. Na haƙa rami a bayan gini, na kafa sandar tagulla, na zuba gawayi da gishiri da ruwa, na ja wayar ƙasa na ɗaure jikin fanel da jikin kowane inji, don in wuta ta ɓace hanya ta bi ƙasa maimakon ta bi ƙafar mutum. Duk kwana taran nan babban hannun da ke kawo wuta a sauke yake, da kwaɗona a jiki, mabuɗin a aljihuna. Ko da kwaɗon, ba na taɓa waya sai na ɗora mitar gwada wuta ta ce babu komai. Ita ma mitar sai na fara gwada ta a inda na san akwai wuta, don na taɓa ganin mita ta yi ƙarya.

Abu biyu kawai nake so mai karatu ya riƙe daga cikin fanel ɗin. Na farko kwantakta, kowane inji da tasa. Wata 'yar aba ce kamar sabulun wanki, aikinta aikin hannu ne. Ka danna koren maɓalli, ta damƙe, wuta ta wuce zuwa inji. Ka danna ja, ta saki. In an ɗauke wuta ma sai ta saki da kanta, kuma ko an dawo da wutar ba za ta sake damƙewa ba sai wani ɗan Adam ya zo ya danna kore. A garin da ake ɗauke wuta a kawo sau goma kafin azahar, wannan halin nata shi ne rai. Na biyu wata na'ura ce da nake kira mai gadi. In ɗaya daga cikin layukan wuta uku da ke shigowa fanel ya yi rauni ko ya ɗauke, ita ce ke sa kwantakta ta saki kafin inji ya ƙone.

Yanzu ga mai hular kwano. Mijin 'yar Darakta ne, shi aka ba manaja. An ce ya yi wani kwas na wata uku a kan kwamfuta, daga nan ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya ba tare da an buga tambari ba. Hular nan tasa fara ce tas, ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba. Da ita yake shiga ofis, da ita yake cin abinci, wani ya rantse mini ya gan shi da ita a wurin ɗaurin aure. Yana da testa, 'yar sukudirebar gwada wuta, saƙale a aljihun gaba kusa da biro, kuma sau biyu na gan shi ya zaro testar zai sa hannu a takarda. Duk kwana taran da na yi ina aiki yana tsaye a bayana, hannu a ƙugu, yana cewa, “Haka ne, haka ne, ni ma haka na so a yi.” Ranar da na tambaye shi wace ce wayar ƙasa, sai wayarsa ta aljihu ta yi ƙarar da shi kaɗai ya ji.

Sai kuma Yaya. Ba uwa ɗaya uba ɗaya muke ba. Maƙwabciyata ce a Angwan Iya, katanga ɗaya ta raba mu shekara ashirin. 'Yar Eggon ce, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ita ce kuma ke jan waƙa a zumuntar matan cocinsu. Ita ta yi wa matata wankan jego sau uku. Da Kirsimeti shinkafarta ke tsallako katanga, da Sallah namanmu ke tsallakawa. Tsakanina da ita kuwa babu gaisuwa sai tsiya. Takan ce da ni Mai Waya, ni in ce Yaya, daga nan sai zagi. Ni na kai ta wurin Darakta na ce ga wadda za ta riƙe masa injin gurza da matan da ke ɓare rogo, don na san hannunta. Hannun da ya ciyar da yara huɗu da suyar ƙosai ba ya wasa da aiki.

Ranar da muka ba fanel wuta, komai ya tashi lafiya, kowane inji ya juya ta inda ya kamata. Na tara matan a gaban injin gurza don in koya musu. Injin yana da baki a sama kamar mazurari, inda ake zuba rogo, a ƙasan bakin kuma akwai wata gangar ƙarfe mai haƙora da ke juyawa. Jijiyar rogo kan maƙale a haƙoran, dole lokaci-lokaci a sa hannu a tsince.

Yaya ta leƙa ta ce, “Mai Waya, wannan abin da ya yi kama da bakin surukarka, in an ɗauke wuta na sa hannu, aka dawo da ita fa?”

Na bugi ƙirji na ce, “Yaya, in an ɗauke wuta injin nan ya mutu ke nan. Ko an dawo da ita, ko sarkin aljanu ne ya zo da kansa ya durƙusa ya roƙe shi, ba zai motsa ba sai an danna kore.”

Na sa aka sauke wuta aka mayar a gabansu, inji ya yi shiru kamar an yi masa rasuwa. Mata suka yi dariya, aka yi ta maimaita sarkin aljanu. Bayan dariyar na ƙara da cewa ƙa'ida dai, kafin hannu ya shiga, a je a sauke babban hannun fanel a sa kwaɗo. Na faɗa, Allah ya sani na faɗa. Amma maganar farko da ganga na yi ta, ta biyun kuwa ina tattara kayan aiki ina duban hanya. Kuma kashegari Manaja ya sa wa ɗakin fanel makulli ya rataya mabuɗin a wandonsa, ya ce wurin injiniyoyi ne, ba wurin masu ɓare rogo ba.

Sati biyu aka yi lafiya, sannan wutar layin ta fara halinta. Layi ɗaya ya riƙa yin rauni da rana tsaka, mai gadi ya riƙa tsayar da injuna. Manaja ya riƙa kirana kamar ni na haifi wutar.

“Malam, fanel ɗin nan naka matsoraci ne,” in ji shi. “Fanka tana juyawa a ofis, firij yana aiki, shi kaɗai ke kwanciya.”

Na ce, “Ranka ya daɗe Injiniya, fanka layi ɗaya take ci, inji uku yake ci. In ɗaya ya raunana ka tilasta masa, ƙonewa zai yi. In ya tsaya, ku juya zuwa janareta har wutar ta daidaita.”

“Na riga na gaya wa Baba ba za mu ƙona man janareta alhali ga wuta ba. Ka zo ka cire abin da ke tsayar da shi.”

“Wannan kamar ka ce in kori mai gadi ne don yana yawan ganin ɓarayi.”

Ya ce shi ba ya son karin magana a harkar kimiyya, ya kashe waya.

Wata Laraba bayan azahar na biya wurin abokina mai tsire a bakin hanyar unguwarmu. Bai ɗora nama a wuta ba tukuna, yana ta soke shi a tsinke yana barbaɗa ƙuli, ni kuma ina zaune a bencinsa ina ba shi labarin yadda na taɓa kama tsawa da filaya a Panda. Sai ya ce, “Af, mutumin naka ya zo ɗazu, mai hular nan. Na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutum ya tsaya da mota, ya ce in ba shi tsinke uku masu kauri, ba nama.”

Na ce, “Ba nama?”

“Ba nama. Na tsinto masa na jiya a ƙasa. Na ce sakace za a yi, Oga? Ya ce a'a, gyaran inji.”

Wanda ba ɗan sana'a ba zai yi dariya, ni kuwa nan take na gane. Tsinke uku, kwantakta uku. Tsohuwar ta'asa ce da na sha gani a wurin masu injin niƙa: a danna kwantakta da ƙarfi ta damƙe, a cusa tsinke a tokare ta don kada ta saki. Daga nan babu ruwanta da mai gadi, babu ruwanta da jan maɓalli. In an ɗauke wuta inji ya tsaya, in an dawo da ita ya tashi da kansa, ba sallama.

Ina cikin wannan tunani sai fankar shagon aski da ke gefenmu ta fara rage gudu, ta tsaya. An ɗauke wuta. Layinmu ɗaya da masana'antar. Na kuma san abin da Yaya ke yi duk lokacin da aka ɗauke wuta, don da bakinta ta gaya mini: lokacin tsince haƙoran inji ke nan, tunda sarkin aljanu ma bai isa ba.

Na kira wayarta, tana ta ƙara a cikin jaka a rataye, don mai jiƙaƙƙen hannu ba ta riƙe waya. Na kira Manaja, ya ɗauka ya ce yana mitin, ya kashe kafin in buɗe baki. Lambar Darakta ba ta shiga. Na hau babur.

Babur ɗina tsoho ne, tare muka yi ƙuruciya, in ya ga tudu sai ya fara salati. Amma ran nan na wuce motoci har wani direba ya leƙo yana tambaya ko gobara ce. Idona ba a kan hanya yake ba, a kan ƙwayayen fitilar shagunan bakin titi yake. Duk wanda na wuce na gan shi a mace sai in ce alhamdu lillahi. Ban taɓa roƙon Allah kada a kawo wuta ba sai ran nan.

Na tarar da masana'antar shiru. Mata na zaune a inuwa suna ɓare rogo, wata na rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Yaya kuwa tana tsaye a kan ɗan benci, ta sunkuya a bakin injin gurza, hannunta na dama a ciki har gwiwar hannu. Ban yi sallama ba. Na saki babur ya faɗi, na kama damtsenta na fizgo. Benci ya goce, muka zube tare a cikin ruwan rogon da ke malala a ƙasa.

Ta tashi zaune tana share fuska ta ce, “Mai Waya, yau wutar ta kai ƙwaƙwalwa ke nan? Ka rasa wadda za ka kayar sai uwar wasu?”

Na ce, “Kowa ya matsa daga jikin inji. Kada wadda ta taɓa komai.”

Babu abin da ya faru. Injin na nan shiru, ni kuma ga ni a jiƙe, fari fat da sitaci kamar an shirya ni za a soya. Matan suka fara ƙunshe dariya.

Manaja ya fito daga ofis, hula a kai, kwalbar lemo a hannu. Mitin ɗin ke nan. Hayaniya ta kuma jawo Darakta daga bayan gini, inda yake duba rogon da manoma suka kawo.

Na gaida Darakta, na juya na ce, “Injiniya, ina tsinken tsire?”

Na zaci zai musa. Ina, murmushi ya yi, ya gyara hula, ya dubi surukinsa. “Baba, dama so nake in ba ka mamaki. Matsalar da Malam ya kasa magancewa sati guda, na gama da ita cikin minti biyar. Tun ɗazu injuna ke aiki ba tsayawa. Kuma na mayar da su otomatik. Yanzu da an kawo wuta za su tashi da kansu, ba sai an jira wani ya danna komai ba.”

Na ce, “Ka gaya wa matan?”

“Wannan magana ce ta fasaha, ba za su gane ba.”

“Na tarar da hannun Yaya a ciki.”

Ya kurɓi lemo ya ce, “To ai in ya tashi za ta ji ƙara ta cire.”

Na sha jin maganar banza a duniya, na ma sha yin ta, amma wannan ita ce uwarsu, ita ta shayar da sauran. Na ce a ba ni mabuɗin ɗakin fanel in sauke babban hannu. Ya dafe wandonsa ya ce babu mai shiga ya ɓata masa aiki don hassada.

Darakta ya dube ni, ya dubi mijin 'yarsa, ya dubi matan da suka zuba ido. Na ga abin da ke ransa. Ba ya son ya kunyata suruki a gaban ma'aikata, don duk abin da aka yi a nan da yamma zai isa kunnen 'yarsa. Ya ce a hankali, “Malam, ko za mu shiga ofis mu zauna, a fahimci juna?”

Yaya ce ta raba gardamar. Ta je tsibin rogo ta zaɓo wani dogo, kaurinsa da tsayinsa kamar hannunta. Ta zauna ta ɗauki wuƙar ɓare rogo, ta fere shi, sannan ta tsaga kansa gida biyar, ta gyara kowane tsagi a natse har da ɗan gajere a gefe. Kowa ya ga yatsu ne. Ta nufi inji, na ce ta tsaya daga nesa, ta harare ni, amma ta ji. Da muciya ta tura shi ta bakin injin har ya kwanta a kan haƙoran, daidai inda nata hannun yake ɗazu. Ta koma ta zauna a kan buhu, ta harɗe hannuwa a ƙirji.

Ta ce, “Oga Manaja, ga hannuna nan. In ya ji ƙara sai ya cire.”

Aka shiga jira. Mutumin Keffi ya iya jiran wuta, a ciki aka haife mu, amma ban taɓa ganin an jira ta da irin wannan ladabi ba. Babu mai ɓare rogo, babu mai waƙa. Darakta ya sa aka kawo masa kujera. Manaja ya shiga ofis ya fito, ya sake shiga ya fito, ya ce wannan ɓata lokacin kamfani ne. La'asar ta yi, na yi alwala na yi salla a gefe, ina sallamewa idona na kan ƙwan fitilar da ke rataye a tsakar rumfa. Har na fara tunanin yau masu wuta sun haɗa baki da shi, ba za su kawo ba sai jibi.

Ƙwan ya yi ja, ya yi fari.

Ban ga lokacin da rogon ya tafi ba, kuma ina kallonsa. Ƙara kawai na ji, injuna uku sun tashi lokaci guda har kwanon rufi ya amsa, sai ga ɗan farin gari ya tofo ta ƙasa, bai cika tafi biyu ba. Wata mata ta dafe kai. Yaya ba ta motsa ba, hannunta na dama kawai ta cusa a hammata.

Manaja ya ruga ya danna jan maɓalli. Inji bai san yana yi ba. Ya sake dannawa, ya sa tafi ya buga, ya yi ta bugawa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka tashi. Ga kuma wani ƙauri ya fara tasowa daga injin matsewa, don wutar da raunin nata ta dawo. Ya koma laluben mabuɗi, tarin mabuɗan ya zube ƙasa. Darakta da kansa ya sunkuya ya ɗauka, dattijo mai ciwon gwiwa, ya miƙo mini ba tare da ya dubi surukinsa ba.

Na buɗe ɗaki na sauke babban hannu. Shiru ya dawo. Na sa kwaɗona, na jefa mabuɗin a aljihu, na buɗe fanel, na gwada mita, na ɗora ta a layi ɗaya bayan ɗaya har ta ce babu kowa a gida. Ga su nan, tsinke uku, kowanne a tokare a cikin kwantaktarsa, a tsakiyar wayoyina masu lamba. Kuma da wuta a jiki Manaja ya cusa su, da hannunsa, wanda ya nuna mini cewa Allah yana tsare wawa don ya zama aya. Na zare su ɗaya-ɗaya, kowace kwantakta ta saki da ɗan ƙara kamar mai ajiyar zuciya. Na ɗora su a tafin hannu na kai wa Darakta. Ɗaya har da guntun kitse a jiki.

Darakta ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce da surukinsa, “Je ka jira ni a mota.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma mutumin ya tafi yana tafiya kamar hular ta yi masa nauyi.

Na juyo ina jiran yabo. Ina ma shirya yadda zan ba da labarin a wurin mai tsire, da yadda babur zai tashi sama ya tsallake tirela. Sai Yaya ta taso ta tsaya a gabana.

“Mai Waya.”

“Na'am, Yaya.”

“Wa ya ce ko sarkin aljanu ne ya zo?”

“Ni ne.”

“To ga shi ya zo, da farar hula. Shi dama ban taɓa ɗora hannuna a kan maganarsa ba. A kan taka na ɗora.”

Na buɗe baki in ce ai na yi maganar babban hannu da kwaɗo, sai na tuna yadda na yi ta, na rufe. Wanda ya san wuta shekara ashirin da bakwai ya san maɓalli ba ya tsare hannu, kwaɗo ne ke tsarewa. Na sani, na zaɓi maganar da za ta ba mata dariya. Kuma na ji labarin an kulle ɗakin fanel tun sati uku, na yi tsaki kawai na wuce.

Kashegari da safe na dawo da kaya. Na kafa wani hannun yanke wuta a bango, taku biyu daga injin gurza, inda babu ƙofa babu makulli, mai ramin sa kwaɗo. Na canza kwantakta ɗaya da tsinke ya fasa wa baki. Injin matsewa Allah ya taimaka bai ƙone ba, ya dai sha wahala. Darakta ya ce duk lokacin da mai gadi ya tsayar da aiki a juya zuwa janareta, kada a sake tambayarsa. Na sake tara matan, wannan karon ba aljani ba ganga: a danna ja, a sauke hannun yanke wuta, a sa kwaɗo, a danna kore a ga bai tashi ba, sannan hannu ya shiga. Na sa kowacce ta yi a gabana sau uku har suka fara zagina. Na miƙa wa Yaya sabon kwaɗo, ta ƙi karɓa. Ta ciro nata daga jaka, wanda take kulle akwatin zannuwanta da shi, ta ce nawa ba ta san wa ke da ɗan'uwan mabuɗinsa ba. Ta ƙulle mabuɗin a bakin zani.

Manaja ba a kore shi ba, ai ba a korar mijin 'ya. An ɗaga shi zuwa shugaban sashen kai gari kasuwannin Abuja, inda babu abin da zai tokare sai bakin buhu. Hular tana nan, ya ajiye ta a bayan gilashin mota don masu bin sa a baya su san da wa suke tafiya. Na ji yana gaya wa mutane shi ya gano matsalar fanel ɗin. Ban musa ba, ai gaskiya ne, shi ya fara sanin inda take.

Yaya ta yi wata guda ba ta tsokane ni ba. In mun haɗu a ƙofar gida sai ta ce, “Ina kwana, Malam,” ta wuce. Ban taɓa jin gaisuwa mai ciwo irin wannan ba. Sai wata safiya ina tura babur ya ƙi tashi, ta fito da jakarta za ta aiki, ta tsaya tana kallona. Na ce, “Yaya, ki zo in rage miki hanya, yau da gudun jirgi zan kai ki.”

Ta dubi babur, ta dube ni, ta ɗaga hannun dama ta watsa mini daƙuwa a fuska.

Na tsaya na ƙirga yatsun. Biyar ne cif.